Bishiyar da Babu a Taswira

Clifford Entwistle ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas a wani ƙaramin gari na Lancashire, kuma duk shekarun nan a gidan haya yake kwana. A haya aka haife shi, a layin gidajen masaƙar da ubansa ya yi wa aiki har ranar da aka garƙame ta. A haya ya ajiye amaryarsa Marjorie, mai dafa wa yara abinci a makarantar firamare. Allah bai ba su haihuwa ba, sai burinsu ya taru wuri ɗaya: su sami gida na kansu, inda ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce kada a buga ƙusa a bango.

Sai da Cliff ya kai sittin da ɗaya suka samu. Wani magini ya share tsohuwar gonar shanu a bayan gari, ya jera gidaje arba'in da shida na jan bulo, ya sa wa wurin suna Curlew Fold. Cliff ya haɗa kuɗin sallamarsa da abin da Marjorie ta daɗe tana tarawa, suka ɗauki lamba bakwai. Ranar sa hannu, lauya ya nuna musu wasu layuka a takardar gidan. Ya ce akwai ɗan kuɗin da kowane gida zai riƙa biya duk shekara ga wani kamfani, shi zai kula da titi da fitilu da ciyawa kafin ƙaramar hukuma ta karɓi unguwar.

"Shekara biyu ne, in ta yi tsawo uku," in ji lauyan.

Marjorie ta gyara tabarau. "Amma gidan namu ne har ƙasan da yake kai?"

"Naku ne har ƙasa."

Abin da suka zo ji ke nan. Suka sa hannu.

Shekara uku Marjorie ta yi a gidan, kuma duk ukun bishiyar tuffa take so. Sau biyu Cliff yana dasawa a bayan gida, sau biyu tana bushewa. Da ya haƙa ya duba, sai ya tarar ƙasar kirki ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ƙarƙashinta fasassun bulo ne da buhunan siminti, har da takalmin wani lebura ƙafa ɗaya. A gaban gida kuwa takarda ta hana shuka bishiya. Amma tagar kicin ɗinsu tana kallon wani ɗan fili na ciyawa a tsallaken titi, tsawonsa bai wuce bas ɗaya ba. In Marjorie tana wanke-wanke takan nuna shi da cokali ta ce, "Can ya kamata a ce akwai bishiya."

Ta rasu a watan Fabrairu. Aka ƙone gawarta kamar yadda ta bar wasiyya, aka ba Cliff tokar a cikin tulun roba mai murfi. Tulun ya zauna a kan firji har ganye ya zube. Wata Lahadi da safe a Nuwamba, shi da Terry Duckworth, tsohon bakaniken garejin bas kuma abokinsa tun suna samari, suka tsallaka titi da shebur. Ƙasar filin baƙa ce mai laushi, ita kaɗai maginin bai binne tarkace a cikinta ba. Suka haƙa rami, Cliff ya juye tokar, suka kafa ɗan dashen tuffa a kai, suka mayar da ƙasa. Bai nemi izinin kowa ba. A ganinsa, filin da yake biyan kuɗin yankan ciyawarsa duk shekara, yana da haƙƙin rami ɗaya a ciki. Maƙwabta sun leƙo ta labule sun ga tsofaffi biyu suna dashe. Ba wanda ya fito ya tambaya, don ba a haka a Curlew Fold. In an haɗu a ce ruwa ya ƙi ɗaukewa, a ce ai kuwa, kowa ya wuce.

Bishiyar ta kama. A shekara ta huɗu ta fara 'ya'ya, a ta shida reshe har yana sunkuyawa. Cliff yakan cika kwando ya ɗora a kan katangar gidansa da 'yar takarda cewa kowa ya ɗiba. Yaran unguwa suka saba, suna hanyar makaranta kowa da tuffa a baki. Shi kuma kullum da safe yakan tsaya a tagar kicin da kofin shayi, ya kalli bishiyar, ya ba ta labarin wanda ya mutu a cikin tsofaffin direbobi da yadda gwiwarsa ta kwana.

Kuɗin kamfani kuwa bai tsaya a shekara uku ba. Ya fara a fam ɗari da ashirin, kowace Afrilu wasiƙa ta zo ya ƙaru. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar mai kamfanin. Lambar waya ce da kiɗa a cikinta, da motar da ke zuwa sau shida a shekara ta aske ciyawa ta tafi.

Sai a shekara ta goma sha biyu da shigarsa gidan ƙaramar hukuma ta zo. Ma'aikata masu rawayen riguna suka yi mako guda suna awo, suna buɗe murafun magudanar ruwa, sannan takarda ta biyo cewa titi da fitilu da magudana da filin wasan yara duk sun koma hannun hukuma. Aka fito da tebura tsakiyar titi, aka yi shayi da kek. Cliff ya kawo kek ɗin tuffa irin na Marjorie, bai kai nata ba amma ya ƙare.

Afrilu na yi, wasiƙar kamfani ta faɗo ta kafar kowace ƙofa kamar kullum, kuma kuɗin ya haura fam ɗari uku.

Aka kira taro a zauren coci. Hukuma ta turo wata jami'a, Misis Clegg, mace mai magana a hankali kamar mai tsoron ta fasa wani abu. Ta manna taswirar unguwar a bango. An shafe ko'ina da ruwan hoda, ban da wani ɗan wuri fari da babban yatsa zai rufe.

"Wannan ne ba mu karɓa ba," in ji ta. "Bututun ruwan sama ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma akwai bishiya a kai wadda babu ita a taswirar da aka amince da ita. Dokarmu ba ta bari mu karɓi bututu da saiwa a kansa."

Wani daga baya ya ce to mene ne haɗin wannan da wasiƙar.

"Muddin kamfani na riƙe da ko taku ɗaya na ƙasa, layukan nan na takardun gidajenku suna nan da ransu. Zan sake zagayowa ƙarshen Satumba. In babu bishiya, mu a shirye muke, sai mai filin ya miƙo mana."

Mutum sittin ne a zauren, kuma duk suka yi ta ƙoƙarin kada su kalli Cliff. Wasu suka kalli rufi, wasu takalmansu. Shi ya fi jin wannan da a ce sun juyo gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu takardu suka fara shigowa ta kafar ƙofarsa. Ba zagi a ciki ko ɗaya. Kowace takan fara da ban haƙuri, ta yabi tuffar, sannan ta ce ko zai duba. Ba mai sa suna. Mutum ɗaya ce ta zo da ƙafarta, Stacey Holroyd ta lamba tara, ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya mata biyu, mijin ya daɗe da tafiya. Ta sami aiki a asibitin garin mahaifiyarta, tafiyar awa ɗaya da rabi, tana yi kullum zuwa da dawowa saboda gidanta ya ƙi sayuwa. Allon sayarwa ya shekara a ƙofarta har ya koɗe.

Ta zauna a kicin ta sha shayi, ta yi maganar ruwa, ta yi maganar gwiwarsa, ta ci biskit biyu. Sai da ta ɗauki jakarta sannan ta ce, "Cliff, kada ka ɗauka wani abu ne."

"Faɗi, 'yar nan."

"Masu saye biyu sun janye. Ba su ba ne, bankinsu ne. Da lauyan banki ya ga layukan kamfanin nan, cewa in ka yi jinkirin biya suna iya sa hannu a gidanka, shi ke nan an fasa. Yanzu ga na uku, wasu sababbin aure. Bankinsu ya ce zai jira zuwa Oktoba." Ta kalli taga, ta kawar da kai. "Jiya barci ya ɗauke ni ina tsaye a jan wutar danja. Hon ɗin na baya ne ya tashe ni."

Cliff ya juya kofinsa a kan faranti.

"Na san kai ka dasa ta," ta ce. "Yarana ma suna sonta. Amma bishiya ce, Cliff. Zan saya maka wata, duk irin da kake so."

"Zan duba," ya ce.

Ranar Alhamis Terry ya zo shan shayi kamar yadda ya saba. Ya ji labari, ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya yana tsaki.

"Ka faɗa musu mana, tsohon banza. Ka ce matarka ce a wurin."

"In ce musu me? Shekara biyar 'ya'yansu na cin tuffar nan."

Kafaɗun Terry suka fara rawa don dariya. "To ai ba sabon abu ba ne. Shekara talatin ta yi tana ciyar da yaran mutane. Ba ta yi ritaya ba ke nan."

Cliff bai so ya yi dariya ba, amma ta kufce masa. Ya tashi ya ƙara ruwa a buta.

"In na faɗa," ya ce yana ba Terry baya, "ba wanda zai ƙara cewa uffan. Ka san su. Za su yi ta biya suna gaishe ni. Yarinyar nan za ta ci gaba da tuƙi tana gyangyaɗi, da matata a kan wuyanta. Ba zan ɗora mata ba."

"To cire ta ka mayar wani wuri."

"Ina? Kan takalmin leburan?"

Duk da haka Cliff ya kira wani mai sayar da dashe ya zo ya duba. Mutumin ya zagaya bishiyar, ya ce shekararta tara, saiwa ta yi nisa, kuma a Satumba da ganye da 'ya'ya a jikinta ko an cire ba za ta rayu ba.

Cliff ya yi wata biyu yana tsayawa a taga ba ya ba da labarin komai. A watan Yuli ya zauna ya rubuta wa kamfani wasiƙa da hannunsa. Ya ce shi ya dasa bishiyar ba da izini ba, ya ba da haƙuri, ya roƙi su turo a sare ta, zai biya kuɗin aikin shi kaɗai. Da ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya sai da ya dafa akwatin ya huta.

Amsa ta zo bayan mako uku, a takarda mai kauri da hoton ganye a sama. Sun gode. Sun ce kamfaninsu yana daraja itatuwa ƙwarai, kuma tunda bishiyar a filinsu take, tasu ce. Sun shigar da ita rajista, za a riƙa turo masani yana duba lafiyarta duk shekara, kuma ba a yarda kowa ya taɓa ta ba. Washegari ya tsallaka ya ga an buga mata ƙusa a jiki, da ɗan ƙarfe zagayayye mai lamba ɗaya.

Terry ya karanta wasiƙar sau biyu. "Ka gane ko? Ba su da titi, ba su da fitila, ba su da komai. Ita kaɗai ta rage musu. Marjorie ce ke biyan albashinsu."

Cliff ya gane tun kafin a faɗa. Ya daɗe yana shafa wurin ƙusar da yatsa.

Ya zaɓi wata Talata a tsakiyar Satumba, bayan yara sun tafi makaranta. Ya fara da tsinke 'ya'yan gaba ɗaya, nunannu da ɗanyu, ya cika kwanduna uku. Terry ya zo da zarto da igiya da bokitai shida a bayan motarsa.

"Kawo in yi. Kai ko burodi ba ka iya yankawa daidai," in ji Terry.

"Riƙe igiyar kawai."

Cliff ne ya yi da kansa. Ya ɗauke shi kusan awa guda, yana yi yana tsayawa, har bishiyar ta kwanta a kan ciyawa. Labule ya motsa a gidaje da yawa. Ba ƙofar da ta buɗe. Suka daddatsa rassan, suka haƙe kututturen, sannan Cliff ya durƙusa a bakin ramin da ƙaramin shebur ya fara ɗebe ƙasar da ke tsakanin saiwoyi yana zubawa a bokiti.

A nan Stacey ta same su, ta dawo daga aikin kwana da rigar asibiti a jikinta. Ta tsaya ta ga bishiyar a ƙasa, ta buɗe baki za ta yi godiya. Sai ta ga abin da yake yi. A cikin baƙar ƙasar akwai wasu ƙananan farare-farare kamar tsakuwa, kuma tsohon yana bin su da yatsu yana tsincewa ɗaya-ɗaya, kada ko ɗaya ta faɗi waje. Ta yi shekara goma sha biyar a asibiti, ta kuma binne tokar mahaifinta da hannunta.

"Cliff," ta ce a hankali. "Wane ne a nan?"

"Marjorie."

Ta ajiye jakarta a kan ciyawa. Ta ɗauki bokitin da ya cika da hannu biyu, ta tsallaka titi da shi, ta dawo ta ɗauki na biyu. Shi kuma ya ci gaba da cikawa. Bokitai shida suka jera a bayan gida, jikin bangon kicin.

Misis Clegg ta zo ranar da ta ce. Ta taka wurin, ta ɗauki hoto, ta ce ya yi daidai, su a shirye suke. Saura mai filin ya rubuto yana miƙawa.

"In bai rubuto ba fa?" in ji Cliff.

Ta rufe fayil ɗinta. "Ba mu da ikon tilasta shi. Na faɗa a taro, ban sani ba ko..." Ba ta ƙarasa ba.

Ta faɗa ɗin, kowa ya ji. Sai dai duk sun ɗauka wanda ba shi da sauran hujja kunya za ta sa ya saki.

A tsakiyar Oktoba motar kamfani ta tsaya a bakin filin. Mutum biyu suka sauko da wani siririn dashe mai jan ganye, irin na ado da ba ya 'ya'ya. Suka ga wurin da ƙasa ta fi laushi, suka haƙa nan, suka kafa shi, suka ɗaure shi da sanda, suka buga masa ƙarfe mai lamba biyu. Wasiƙa ta biyo baya. Ta ce wasu da ba a san ko su wane ne ba sun lalata dukiyar unguwa, an maye gurbinta, za a raba kuɗin a kan gidaje arba'in da shida. Ta roƙi duk wanda ya ga wani abu ya sanar. Ba wanda ya ga komai. Takardar da ta shigo ta kafar ƙofar Cliff a makon nan guda ɗaya ce, ba suna, an rubuta cewa an ajiye masa miya a bakin ƙofa, ya ɗumama kafin ya sha.

Sababbin auren suka janye a ƙarshen watan. Stacey ta sa aka kawo sabon allo, don tsohon ba ya karantuwa.

"Kai ma ka sa naka a kasuwa," in ji Terry wata Alhamis. "Akwai ɗaki a ginin da nake, ba bene, ga mashaya a kusa. Me kake jira a nan?"

"Wa zai saya? Bankin wa?"

"To ka karya kuɗin."

Cliff ya kalli taga. "Bokiti shida na ɗebo, Terry. Shekara tara ruwa na dukan wurin nan. Kana ganin duka na kwaso ta?"

Terry ya miƙa hannu ya ɗauki biskit na ƙarshe.

Yanzu Cliff yana da shekara saba'in da huɗu. Ya shuka ƙwayoyin tuffar ƙarshe a cikin bokitan, biyu sun tsiro, ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma bai san inda zai kai su ba in sun girma. Wasiƙar Afrilu ta zo, ya biya a ranar, kamar yadda ya saba biyan komai.

Watan Mayun bana ya zo da rana, mako uku ba ɗigon ruwa. Kamfani ba ya ban ruwa, ba ya cikin aikinsa. Ganyen jan dashen ya fara lanƙwashewa. Cliff ya kwana biyu yana kallonsa ta taga. In ya bar shi ya mutu, za su kawo na uku su raba kuɗin. In ya rayu, saiwarsa za ta sauka kan bututun, filin ya zauna fari a taswira. Ko ta ina dai ɗaya ne. Abin da ya rage kawai, a cikin ƙasar Marjorie saiwar take neman ruwa.

A rana ta uku ya cika butar ban ruwa a famfon kicin, ya tsallaka titi a hankali saboda gwiwa. Yana cikin zubawa Stacey ta fito da makullin mota a hannu, idanunta sun yi ja. Ta tsaya jikin allonta ta dube shi, ta dubi dashen.

"Sun ce za a yi ruwa," ta ce.

"Sun ce sai jibi."

Ta gyaɗa kai ta shiga mota. Ya jira ƙasar ta shanye, sannan ya koma ya sake cikowa.